Me Ya Sa Masu Ra'ayin Riƙau Suka Mamaye Rediyon Amurka?

Galibin muryoyin siyasa a gidajen rediyon kasuwanci na Amurka na masu ra'ayin riƙau ne, kuma tushen abin doka ce da kuɗi. A 1987 hukumar sadarwa ta FCC ta soke ƙa'idar da ta wajabta wa tashoshi jin ta bakin kowane ɓangare. A 1988 Rush Limbaugh, mai ra'ayin riƙau, ya fara shirinsa a faɗin ƙasa, ana ba ƙananan tashoshi kyauta, su biya da lokacin talla. Wata doka ta 1996 kuma ta ba kamfani ɗaya damar mallakar ɗaruruwan tashoshi, ya ɗora musu murya ɗaya don rage kashe kuɗi.

Wasu za su ce ai zaɓin jama'a ne, tunda kafar Air America ta masu sassaucin ra'ayi ta durƙushe a 2010. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma sai 2004 ta shigo, bayan an riga an kame manyan tashoshi. Direban babbar mota a kan doguwar hanya, abin da ya tarar a zangon AM shi zai saurara. Don haka duk mai son adalci a rediyo, ya fara da tambayar wane ne mai tashar.