Samfefa Ba Ta Miƙar Da Katako: Jawabi Ga Masu Koyon Kafinta A Sabo, Ibadan

'Yan samari, ku matso kusa, yau maganar saman tebur za mu yi.

Da yawanku da zarar an kawo katako daga Bodija, sai ku ɗau samfefa ku hau guga. To ku sani, samfefa santsi take kawowa, ba ta miƙar da katako. Wannan aikin filen ne. Ka aza sanda miƙaƙƙiya a kan katakon, ka duƙa ka leƙa. Duk inda haske ya ɓullo ta ƙasa, akwai kwari a nan. Ka zana tudun da fensir, ka fere shi har zanen ya ɓace. Kuma fa fuska biyun za ka fere daidai wa daida, in ba haka ba zai lanƙwashe.

Kafin wannan ma, shin katakon ya bushe? Nan Kudu laima ta yi yawa. Ka haɗa tebur da ɗanyen maɗaci, Alhaji ya loda shi zuwa Kano, hunturu na bugunsa sai ka ji ya tsage. Sunanka ne ya tsage, malam! Ku jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakani, iska na ratsawa.

Sai guga. Lamba 80, sannan 120, sannan 180, kada ka tsallake ko ɗaya. Ka bi tsawon jijiyar katakon, don in ka gitta, ranar shafa fenti duk ƙarzunan za su fito fili.