Amanar 'Ya'yanmu a Hannun Malamai: Jawabin Kwamitin Gudanarwa a Taron Cika Shekara

Iyayenmu mata, 'yan uwa na Dutsin-Ma da na Kurfi, da mazajenmu da suka ba mu dama muka hallara, sannunku da zuwa.

Kun ji rahoton kuɗi daga bakin ma'ajiya. Idan kun lura, yawancin bashin da muke ɗauka daga asusu a kan karatun yara yake tafiya: kayan makaranta, littattafai, takalma, kuɗin jarrabawa. Ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da kiwon awaki can take ƙarewa. To, tunda guminmu ne, ya kamata mu san abin da ke faruwa da yaro bayan ya shiga aji.

Malami uba ne. Da yawansu a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke nan Dutsin-Ma suka yi karatu, wasu ƙannenmu ne, wasu 'ya'yanmu, kuma suna aiki cikin wahala, aji ɗaya cike da yara. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. A bana mambobi sun kawo mana koke iri uku: malamin da ba a ganinsa sai ƙarshen wata, malamin da ke tura yara gonarsa ko ɗiban ruwa lokacin darasi, da wanda ya yi wa yarinya dukan da ta kwana uku ba ta iya riƙe cokali. Ba za mu kama sunan kowa ba. Abin da ya dame mu shi ne duk ukun an yi shiru, an ce a bar wa Allah.

'Yan uwa, aikin koyarwa yana da doka. Tun 1993 aka kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, wato TRCN. Ita ke ba malami lasisi, kuma tana da kundin ladubban aiki. Dokarta ta tanadi kwamitin bincike a jihohi da kwamitin ladabtarwa, wanda zai iya jan kunnen malami ko ya soke sunansa daga rajista. Neman ɗaliba, karɓar kuɗi don a ƙara maki, taimaka wa satar amsa, guje wa aiki, duk laifuka ne. Haka kuma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati kyauta ne kuma dole ne. Don haka idan an ce a kawo kuɗi, mu tambaya na mene ne, wa ya amince, ina rasit.

Babu wadda ta manta da Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar a Kano, wadda mai makarantarsu ya sace a Disamban 2021 ya kashe ta. A Yulin 2022 babbar kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Allah Ya jiƙanta. Abin da muka ɗauka daga wannan shi ne yarda da malami ba ta hana sa ido.

Ga hanyar da muke roƙon kowace uwa ta bi. Da farko ki saurari yaron a natse, kar ki fara da faɗa. Ki riƙe rana da abin da ya faru, in ba ki rubutu ki zo sakatariya ta rubuta miki. Sai ki je wajen hedimasta tare da maigida ko wata daga cikinmu. In bai ɗauki mataki ba, akwai kwamitin SBMC na makarantar, wanda ke da kujerun mata. Daga nan sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a Dutsin-Ma ko a Kurfi, sannan hukumar SUBEB a Katsina. In babbar sakandare ce, Ma'aikatar Ilimi ke da alhaki. Amma in an taɓa mutuncin yarinya ko an ji wa yaro rauni, wannan ba na sulhun zaure ba ne: asibiti tukuna, sannan 'yan sanda.

Mu ma da namu. Ba daidai ba ne mu ɗora wa yarinya talla da safe sannan mu zargi malami don ta faɗi. Ba daidai ba ne a je makaranta a ci mutuncin malami gaban ɗalibai, ko a ɓata masa suna da jita-jita a gidan biki. Shi ma yana da haƙƙin a ji ta bakinsa kafin a hukunta shi, kuma ƙazafi babban zunubi ne.

Shawarar kwamiti ita ce yau mu zaɓi mata uku daga Dutsin-Ma, uku daga Kurfi, su riƙa raka duk mamba mai koke, su riƙe sirrinta, su kuma nemi shiga SBMC na makarantun unguwanninsu. Malamin da ya riƙe amana kuwa, mu je mu yi masa godiya har makaranta.

Wadda ke son shiga ta ba sakatariya sunanta kafin a raba abinci. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya saka wa malaman kirki da alheri, Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, Ya maimaita mana.