Daga Siyasar Talaka Zuwa Siyasar Taka-tsantsan

Zuwa ga manoman rani na Kura da Bunkure.

Tambaya ɗaya ce yau. Me ya sauya a ƙuri'ar Kano?

Kano ce mahaifar jam'iyyar NEPU. A nan Malam Aminu Kano ya koya wa talaka cewa yana iya ce wa mai sarauta a'a. A 1979 jam'iyyar PRP ta ci gwamna, Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Amma a 2003, batun Shari'a da tarbiyya ne ya yi wa Malam Ibrahim Shekarau jagora zuwa gidan gwamnati.

Dalili na farko na wannan sauyi yana bakin kwata. Da ruwan madatsar Tiga ya iso Kadawa, mai kadada ɗaya ya fara noma sau biyu a shekara. Shinkafa da damina, tumatir ko alkama da rani. Ka gan shi da asuba, laka har gwiwa, yana buɗe wa gonarsa ruwa, ga bashin taki a wuyansa. Wanda ke da abin asara ba ya son girgiza. Yana son wanda ya sani, wanda malaminsa ya yarda da shi.

Dalili na biyu, gajiya. An sha alkawari, an sha. Sai mutane suka koma neman mai tsoron Allah.

Wannan ba laifi ba ne. Amma jama'a, idan ɗan takara ya zo, ku tambaye shi yashe kwata, da farashin taki, da kasuwar tumatir. Ku tambaye shi kafin ku dangwala.

Mu kwana lafiya.