Sake Sana'a Bayan Shekara Arba'in

Jawabin da Ma'aikacin Ofishin Watsa Labarai ya yi a taron Hakimai da Malamansu

 Ni yaro ne, ban cika talatin ba, kusan kowa a ɗakin nan in bai haife ni ba ya yi ƙane da ni. Saboda haka ina neman gafara tun da fari, gama maganar da aka aiko ni da ita ta manya ce, watau maganar magidancin da ya ba arba'in baya, sa'an nan aikin da ya ke ci da iyalinsa da shi ya ƙare, ya zama tilas ya nemi wani.

Irin wannan mutum ba baƙo ba ne gare ku. Kun sha ganinsa ya shigo zaure ya faɗi ya yi gaisuwa, ya koma gefe ya zauna, har fada ta tashi bai ce uffan ba. Wanshekare ya sake dawowa. Ba ƙara ya kawo ba, ba kuwa roƙo ya zo yi ba. Kunya ce ta hana shi faɗin abin da ke tafe da shi.

Masu irin wannan hali suna da yawa. Masaƙar KTL ta Kakuri a Kaduna, wadda ta soma aiki cikin 1957, an rufe ta cikin 2002. Ta UNTL kuma ta tsayar da aiki cikin 2007. Rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da atamfar waje mai araha da a ke shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, su suka durƙusar da masaƙun, dubban ma'aikata suka watse. A Kano, cikin watan Janairu na 2013 aka hana ɗaukar fasinja a kan babur, 'yan acaɓa suka wayi gari ba abin yi. Ko ma'aikacin Gwamnati da bai yi laifin kome ba, in ya cika shekara 35 yana aiki sai ya yi ritaya, alhali wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20 bai wuce 55 ba a lokacin, da sauran ƙarfinsa, da 'ya'ya a makaranta. Da yawa cikin waɗannan gida su ke komowa, watau ƙasashen da ku ke riƙe da su.

Bari in ɗauko misali daga mutumin da kowa ya san sunansa, Alhaji Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji cikin 1877, ya tashi yana fataucin goro zuwa Gwanja, a nan ya kafu. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, Turawan kamfani suka shiga neman wanda zai saya musu. Cikin 1918 ya zama wakilin Kamfanin Neja wajen sayen gyaɗa, yana da shekara 41. Ya zuwa 1929, da aka buɗe banki a Kano, raƙuma 20 ne suka ɗauko kuɗin azurfar da ya kai ajiya. Ya rasu cikin 1955.

Ba ina cewa kowa zai zama Ɗantata ba, gama shi yana da jari, mutumin da mu ke magana a kansa kuwa ba shi da shi. Abin da na ke so a lura da shi shi ne, haja kaɗai ya sake. Sanin mutane, da riƙon amana, da yaran da ya ke ba kuɗi su shiga ƙauyuka su yi masa sayayya, da iya lissafin riba da faɗuwa, duk a goro ya koye su, ya kuwa tafi da su cikin gyaɗa. Har wa yau bai saki goron rana ɗaya ba, ya ci gaba da shi tare da sabon cinikin.

Na ga gaskiyar wannan a gidanmu. Ina ɗan shekara goma wani kawuna ya komo daga birni, bayan ya yi shekara 19 yana gyaran inji a wata masaƙa. Ya zo da 'yan kuɗin sallama, abokai suka kewaye shi, kowa da shawararsa. Aka ce ya sayi bas, ya saya, alhali bai taɓa riƙe sitiyari ba, bai kuma san kome game da tasha ba. Ya danƙa wa direba. Yau a ce taya ta fashe, gobe a ce ba ciniki, jibi a ce inji ya buga. Kafin damina biyu an sayar da motar a kuɗin ƙarfe. Kawu ya daina fita, ko masallaci sai ya bari an ta da salla ya shiga sahun baya.

Dagacinmu ne, Allah ya jiƙansa, ya aika aka kira shi da dare, ba kowa a zauren. Bai tambaye shi yadda kuɗi suka ƙare ba. Cewa ya yi, “A can inda ka yi aiki, me hannunka ya ke yi?” Da kawu ya gaya masa, sai ya ce ai injin niƙan garin da injunan ban ruwa na 'yan fadama, in sun lalace sai an ɗauke su zuwa birni, a yi kwana uku ba a dawo da su ba, shuka tana ƙonewa. Ya nuna masa gindin wata bishiya a bakin kasuwa, ya yi wa Sarkin Kasuwa magana. Da sifana huɗu da guduma ya fara. Bai yi arziki ba, amma ya aurar da 'ya'yansa da wannan aiki, yaran da ya koya wa kuwa sun buɗe nasu wuraren.

To, ranku ya daɗe, abin da mu ke roƙo shi ne a riƙa yin wannan tambaya ta Dagaci, a kuma yi ta tun kuɗin sallama suna hannu. Wannan kuɗi sau ɗaya a ke ba mutum, ba ya da na biyu. A ja kunnensa kada ya zuba shi cikin abin da bai sani ba, balle wurin masu cewa za su ninka masa, kamar yadda aka gani da MMM cikin Disamba 2016, sa'ad da aka kulle kuɗin mutane.

Ku kuma Malamai, akwai wata doka da ya kamata ku sani, don yawancin waɗanda ta shafa ba su san da ita ba. Dokar Fansho ta 2004, wadda aka sake cikin 2014, ta ce ma'aikacin da a ke tara masa kuɗi a asusun fansho, in aikinsa ya ƙare bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, yana da ikon karɓar rubu'in abin da ke cikin asusun, watau kashi 25 cikin 100. Takarda ce zai rubuta wa kamfanin da ke riƙe da asusun, ya haɗa da takardar sallamarsa. In ya zo muku ku taimake shi da rubutun, kada a karɓi ko kwabo a hannunsa.

Sai batun gona, inda rigima ta fi yawa. Mutum ya yi shekara 25 a birni, 'yan'uwa suna noma gādonsa, sun zuba taki, sun saba. Ranar da ya ce yana son kayansa sai zumunci ya ɓaci. Tun da aka kafa Dokar Ƙasa ta 1978, Ƙaramar Hukuma ce ke ba da izinin riƙe ƙasar karkara, amma kowa ya san Dagaci da Mai-unguwa su suka san iyaka. A raba gardamar tun da rani, kada a bari sai an yi ruwan shuka. A kuma gaya wa mai komowa gaskiya, cewa jikin da ya daɗe bai duƙa ba ba ya ɗaukar babbar gona a shekarar fari. Ya fara da kaɗan, ya ga yadda ƙasa ta karɓe shi.

Abin da ya fi wuya, a ganina, shi ne mai furfura ya tsuguna gaban sa'an ɗansa yana koyon ɗinki ko walda. Mu kan ce gemu ba ya hana ilmi, amma dariyar 'yan kasuwa ta kan hana. A nan maganarku ta fi ta Gwamnati ƙarfi. In Hakimi da kansa ya kira mai sana'ar ya ce, “Ga wane na ba ka amana,” ba mai yi masa ba'a, mai koyarwar kuma zai riƙe shi da mutunci. Kada a manta da mata, musamman waɗanda mazansu suka rasu suka bar su da marayu. Su ba su zuwa zaure, sai an aika an tambaya.

Muna roƙon kowane Malamin Hakimi ya ware littafi guda, ya riƙa rubuta sunan wanda ya komo, da shekarunsa, da aikin da ya bari, da abin da hannunsa ya iya. A ɗaya gefen kuma a rubuta ayyukan da mutanen gunduma su ke tafiya birni nema. In mun zo rangadi za mu so mu duba littafin tare da ku.

Iyakar saƙon ke nan. In na yi kuskure a gafarce ni.