Hattara Da Hitar Ruwan Wanka

Jawabinmu na yau ya shafi hitar lantarki da ake kafawa a bangon ɗakin wanka, da abin da ya wajaba a yi idan ruwanta ya yi zafi fiye da kima.

A cikin hita akwai wata 'yar na'ura da masu gyara ke kira tamostat. Aikinta shi ne yanke wuta da zarar ruwa ya kai zafin da aka ƙayyade. Idan ta lalace, sai ruwan ya yi ta zafi har ya tafasa. Alamun haka su ne tururi daga famfo, da ƙugi a cikin tanki, da ruwan zafi mai kwarara daga bawul ɗin kariya.

Duk wanda ya ga haka, lalle ne ya kashe makunnin hitar nan take, ya hana yara kusantar famfo, sa'an nan ya kira ƙwararren mai gyaran lantarki. Kada a kuskura a toshe bawul ɗin nan. Ta nan ƙarfin tururi ke fita, in kuwa aka toshe shi, tanki yana iya fashewa.

Ku sani, ruwa mai zafin digiri 60 na santigiret yana ƙona fatar baligi cikin daƙiƙa kamar 5, fatar yaro kuwa ba ta jure ko hakan. Saboda haka a fara zuba ruwan sanyi kafin a sirka da na zafi. In an ƙone, a yi ta kwarara ruwan sanyi a wurin har minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai, a garzaya asibiti.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya.