Maganin Ciwon Jiki da Allurar Rigakafin Korona: Kafin Ko Bayan?



 Kwamitin jin daɗin 'yan ƙungiya ne ya ɗora mini nauyin yin bayani a kan wata tambaya da ke ta yawo a ofisoshin malamai tun da aka fara allurar rigakafin korona: shin mutum zai iya shan maganin ciwon jiki kafin a yi masa allurar, don ya tsere wa zazzaɓin da ke biyo baya?

Tambayar ta shafe mu kai tsaye. Mun ga yadda aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, yara suka yi watanni a gida, wasu ma suka daɗe ba su dawo aji ba. Rigakafin farko ya iso Najeriya ranar 2 ga Maris, 2021, kusan allura miliyan huɗu ta AstraZeneca ƙarƙashin shirin COVAX, aka fara yi a Abuja ranar 5 ga watan. Malamin da ke tsayawa gaban yara saba'in ko tamanin a aji ɗaya, idan har ya miƙa hannunsa aka yi masa allura, ya kamata ya ci cikakkiyar moriyarta.

Bari mu fara da yadda rigakafi ke aiki, da misalin da kowa a nan ya sani. Kafin jarrabawar shiga sakandare mukan yi wa 'yan aji shida jarrabawar gwaji, domin ranar ta gaskiya kada tambayoyi su zo musu a baƙi. Haka allurar take. Tana nuna wa garkuwar jiki kamannin ƙayar da ke jikin ƙwayar cutar, ba tare da cutar kanta ba. Fararen ƙwayoyin jini sai su taru a wurin, su yi nazarin baƙon, su ƙera sinadaran kariya da za su kama shi, su kuma adana kamanninsa don gaba. Wannan taruwa ita ce kumburi da zafin da ake ji a dantse. Zazzaɓi da ciwon kai da kasala na kwana ɗaya ko biyu kuwa hayaniyar aji ce a lokacin da ake aiki. Amma wanda bai ji komai ba kada ya damu. Akwai ajin da ke koyo cikin natsuwa.

Magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ba iri ɗaya ba ne. Akwai rukunin masu kashe kumburi: ibufurofen da aka fi sani da Brufen, da diklofenak, da firoksikam wanda ake kira Feldene, da asfirin. Waɗannan suna toshe wasu sinadarai biyu na jiki, COX-1 da COX-2, masu samar da furostagilandin, wato ɗan aiken da ke haddasa zafi da kumburi da zazzaɓi. Farasitamol, ko Panadol, yana sauke zazzaɓi ya rage ciwo, amma ƙarfinsa a kan kumburi kaɗan ne. To ga inda gizo ke saƙa: ƙwayoyin jinin da ke ƙera sinadaran kariya su ma suna amfani da COX-2 a lokacin aikinsu. Saboda haka masana suka yi tambayar da ta dace: idan an rufe bakin ɗan aike tun kafin ya isar da saƙo, darasin zai shiga yadda ya kamata?

Ga abin da bincike ya nuna. A shekarar 2009 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da aka yi a Jamhuriyar Cek a kan jarirai 459 da aka yi wa alluran yara na yau da kullum. An ba kusan rabinsu farasitamol tun daga lokacin allura, sauran ba a ba su ba. Zazzaɓi ya ragu a waɗanda aka ba, kashi 42 cikin ɗari maimakon 66. Sai dai sinadaran kariya da jikinsu ya samar a kan wasu cututtukan sun yi ƙasa da na takwarorinsu. A farkon 2021 kuma masana a Jami'ar Yale ta Amurka suka gwada maganin kashe kumburi a kan ɓeraye masu ɗauke da ƙwayar korona, suka tarar ya rage musu sinadaran kariya. A lura da abu biyu: ɓera ba mutum ba ne, kuma cutar aka sa musu, ba allura ba.

A ɗaya ɓangaren, lokacin da Jami'ar Okusfod ta Ingila ke gwajin allurar AstraZeneca a 2020, an ba wasu daga cikin manyan da aka gwada farasitamol tun da farko. Ciwon jiki da zazzaɓi sun yi musu sauƙi, kuma garkuwarsu ta yi daidai da ta sauran. Ke nan hujjojin ba su taru a gefe guda ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zaɓi hanyar taka-tsantsan: kada a sha maganin ciwo kafin allura da nufin tare zazzaɓi, amma idan ciwon ya zo bayan an yi, ana iya sha. Hikimar a fili take. Amfanin shan magani tun da wuri kaɗan ne, tunda ciwon ba lalle ne ya zo ba, kuma in ya zo yakan wuce da kansa. Abin da ake tsoron a rasa kuwa shi ne dalilin yin allurar gaba ɗaya. Kada garin neman gira a rasa ido.

Akwai wata magana da ya kamata a raba da wannan. A watan Maris na 2020 ministan lafiya na Faransa ya yi gargaɗin cewa ibufurofen na iya tsananta cutar korona ga wanda ya kamu. Maganar ta zagaya duniya ta WhatsApp, daga baya nazarce-nazarce ba su tabbatar da ita ba. Wancan batun mara lafiya ne. Namu na mai lafiya ne da zai karɓi rigakafi.

Yanzu ga abin da nake roƙon kowa ya riƙe.

Na farko, ranar allura a ci abinci, a sha ruwa, a tafi. Kada a haɗiyi ƙwaya a ƙofar asibiti don kandagarki. Wanda kuma ya riga ya sha, kada ya fasa zuwa, kuma ba a sake masa allura saboda haka.

Na biyu, idan zazzaɓi ko ciwon kai ya dame ka bayan allura, farasitamol ne ya fi dacewa a fara da shi. Ga babba mai lafiya, ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa huɗu zuwa shida tsakani, kada a wuce ƙwaya takwas a awa 24. A ɗora tsumma mai sanyi a dantse, a riƙa motsa hannun.

Na uku, wanda likita ya ɗora a kan magani na dindindin, kamar ƙaramin asfirin na masu ciwon zuciya ko maganin amosanin gaɓɓai, kada ya dakatar da kansa. Ya gaya wa ma'aikacin lafiya abin da yake sha. Wannan ya fi muhimmanci ga masu shan furedinisolon da deksametason, domin su kam an tabbatar suna raunana garkuwar jiki idan an daɗe ana sha. Ina jan hankalin iyaye mata musamman: deksametason na cikin ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu 'yan mata ke sha don su yi ƙiba.

Na huɗu, a guji haɗin nan na maganin gajiya da ake ƙullawa a leda a tasha ko a kemis. Sau da yawa akwai masu kashe kumburi iri biyu ko uku a ƙulli ɗaya. Ko babu batun allura, suna ƙwaƙule ciki su tayar da gyambo, suna kuma lahanta ƙoda. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, su nisance su sai da izinin likita. Yaro kuwa ba a ba shi asfirin.

Na biyar, zazzaɓin allura ba ya daɗewa. Idan ya wuce kwana biyu ko uku, a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, kada a ɗora wa allura laifin da ba nata ba. Idan kuma aka ga numfashi na sarƙewa, ko ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani da ya ƙi tafiya, ko kumburin ƙafa, sai asibiti nan take.

'Yan uwa, a ƙauyuka da unguwanni da dama malamin firamare ne ake fara tambaya kafin a je wurin likita. Abin da muka faɗa a bakin masallaci, ko coci, ko gidan suna, ana ɗaukarsa da nauyi. Wannan amana ce. Uwar da za ta kai jaririnta awo ta tambaye ki ko ta ɗura masa farasitamol tun daga gida, ki ce mata ta bari sai ta ji daga ma'aikaciyar lafiya. Mu faɗi abin da ya tabbata, mu tura mutane inda ya dace.

 Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya yi wa ɗalibanmu albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.