Idan Tiyon Man Sitiyari Ya Fashe

Wannan shi ne jawabin da Editan jaridarku ya yi wa direbobi da yaran mota masu zuwa ajin karatun manya a Tofa.

 

Yau maganarmu a kan sitiyari ce. Dattawan cikinmu sun tuƙa tsofaffin motoci masu sitiyari mai tauri, wanda sai an sa ƙarfi yake juyawa. A shekarar 1951 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sayar da ƙananan motoci masu sitiyarin da mai yake taimaka wa. Yanzu yawancin motocin hayarmu, irin su Golf da Sharon da Hiace, irinsa gare su. Amma akwai sababbin motoci da sitiyarinsu na lantarki ne. Su ba ruwansu da mai, kuma ba da su muke ba.

Ga yadda abin yake aiki. Akwai ɗan tanki na man sitiyari kusa da inji. Akwai famfo wanda bel yake juyawa. Famfon nan shi ke tura mai da ƙarfi zuwa ƙasa, wurin ƙarfen da ke juya tayoyin gaba. Idan man ya gama aikinsa sai ya komo tanki. Wato hanya biyu ce, ta zuwa da ta dawowa, kuma kowace da tiyonta.

To, a nan nake so ku buɗe kunne. Tiyon nan biyu ba ɗaya ba ne. Na dawowa, man da ke cikinsa ba shi da ƙarfi. Za ku ga da kilif kawai aka ɗaure bakinsa. Na zuwa kuwa mai kauri ne, an matse bakinsa da ƙarfe tun daga kamfani, kuma da noti ake ɗaure shi. Mai faci yana ba tayar ƙaramar mota iska kamar 30 ko 35 a ma'auninsa. A wannan ma'aunin, ƙarfin man da ke cikin tiyon zuwa yakan wuce 1,000 idan an murɗa sitiyari har ƙarshe. Ku faɗa mini, wace robar tsohon tub ce za ta riƙe wannan?

Amma kullum abin da ake yi ke nan. Tiyo ya tsage, sai a yanko roba a nannaɗe, a ƙara da waya, a ce ai ya yi. A tasha lafiya lau, domin mota tana tsaye. Sai an yi lodin buhunan masara za a Dawanau, ko an cika mota da mutane an hau titin Gwarzo za a Kano, a daidai kwana ɗaurin ya kwance. Nan take sitiyari ya yi nauyi. Motar ba ta daina juyawa, amma sai an sa ƙarfi sosai, kuma direba bai shirya ba. Ga babur a gaba, ga yara a gefen hanya. Ban da wannan, man da ya yi tsartuwa zai iya sauka a kan salansa mai zafi ya kama wuta.

Tiyo ba ya fashewa bai ba da sanarwa ba. Za ka ga ɗigon mai a inda mota ta kwana. Za ka ji kuka daga famfo idan kana murɗa sitiyari. Za ka ga man tanki yana raguwa. Hanyoyin ƙauyukanmu ma suna da nasu laifin. Da damina ƙasan mota yakan gogi tudu ko dutse, bututun ƙarfe ya lanƙwashe ko ya huje.

Idan ka ga haka, kashe mota, ka bari inji ya huce. Goge tiyon duka biyu da tsumma. Ka sa yaronka ya tayar da mota ya murɗa sitiyari, kai kuma ka duba inda man yake fitowa. Da ido za ka duba. Kada ka sa yatsa, domin man da ke fita ta ƙaramar huda yana iya huda fata. Kuma ka tattare babbar rigarka daga wurin bel.

In tiyon dawowa ne, da sauƙi. A yanke wurin da ya lalace, ko a sa sabon tiyo irin wanda mai ba ya ci, a ɗaure da kilif mai kyau. Ban da tiyon ruwa na lambu, mai da zafi suna lalata shi.

In na zuwa ne, magani ɗaya ne: a canza shi. Ku kwance tsohon ku tafi da shi Ƙofar Ruwa a Kano, a gwada tsawo da baki kafin ku biya. In na hannu za ku saya, ku lanƙwasa shi ku gani ko robar ta fara tsattsagewa. Akwai kuma masu injin matse bakin tiyo, irin waɗanda ke yi wa tarakta da tifa aiki. Su ma suna iya sa sabuwar roba mai ɗaukar ƙarfi a kan tsohon ƙarfenku. Wajen ɗaurawa a sa sabon zoben roba ko sabuwar washa. A fara kama notin da hannu kafin a sa sifana, don kada zaren ya ci. A kuma mayar da tiyon ta hanyarsa ta asali, nesa da salansa da bel.

Saura mai. A nan karatun da kuke koyo zai yi muku rana, domin a motoci da yawa an rubuta irin man a kan murfin tankin. Yawancin motocin Toyota jan mai suke sha, irin na giyar otomatik. Golf kuwa koren mai kamfaninta ya ce a sa. Man birki kam kada ya kusanci wurin. Yana lalata robobin ciki, sai yoyon wuri ɗaya ya zama na wuri biyar.

Bayan an zuba mai, a ɗaga gaban mota da jak, a sa mata waigi. Kafin a tayar da inji, a murɗa sitiyari dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, sau da yawa, ana ƙara mai. Wannan shi ke fitar da iska. Sannan a tayar a sake murɗawa, amma kada a danne sitiyari a ƙarshe ya daɗe. In mai yana kumfa, da sauran iska, a dakata kaɗan a sake.

Wani zai ce, in a daji abin ya same ni fa? Kada ka ci gaba da tafiya famfo yana juyawa ba mai. Zai ƙone, kuma kuɗinsa ya fi na tiyo nesa. Duba bel ɗin. In famfon sitiyari kaɗai yake juyawa, cire shi, ka sauke fasinja, ka lallaɓa a hankali zuwa wurin bakanike. In kuwa bel ɗaya ne yake juya famfon da abin cajin batir da famfon ruwa, kada ka taɓa shi. Ka nemi wanda zai ja ka.

Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu. In babu, mu fita waje, Malam direba ya buɗe mana gaban motarsa, kowa ya nuna mini wanne ne tiyon zuwa, wanne ne na dawowa.